TARIHIN KUƊIN MAGANI A ƘASARMU: WA KE BIYA?

  

A wannan fitowa mun ɗauko zancen da ya fi kowane sa waya ta yi ƙara da tsakar dare, watau kuɗin magani. Babu ɗan ci-ranin da bai taɓa jin an ce masa, wane ba lafiya, an rubuta magani, ka aiko da abin da ya samu ba. Waɗansu suna aikowa da fara'a, waɗansu da gunaguni, suna cewa ai mun ji a rediyo an ce magani kyauta ne, to ina kuɗin ke tafiya? Dattawa kuma suna cewa a zamaninsu ba a biyan ko dala. Kowa da gaskiyarsa. Domin mu gane inda gaskiyar kowa ta tsaya, sai mu koma baya mu bi zancen daga tushe, gama Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

1. KAFIN ZUWAN LIKITA

Kakanninmu Gobirawa ba su zauna babu magani ba. Akwai boka mai sassaƙe da saiwa, wanda ya san amfanin sabara da marke da bagaruwa da tazargade. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya da cire hakin wuya. Akwai maɗori, akwai ungozoma, akwai malam mai rubutu da tofi. Akwai kuma 'yan bori, waɗanda Inna ta Tsibiri ke shugabanta a ƙasar Gobir. Dukansu ana biyansu. Amma ku duba yadda ake biyan. Kaza ce, ko damen gero, ko ƙwaryar wake, ko wuri, daga baya 'yan kuɗi kaɗan. Sau da yawa sai an warke ake kai ladan, ko kuwa a jira kaka. Mai maganin maƙwabcinka ne, gonarsa tana kusa da taka, ya san ƙarfinka, ya kuma san in ya matsa maka gari zai yi da shi.

Kada mu yi wa zamanin nan ado fiye da kima. Agana da baƙon dauro da sanƙarau sun kwashe yara ba adadi, kurkunu ya kwantar da manoma da tsakiyar damana, mace kuma in haihuwa ta zo da gardama sai dai addu'a. Abin da muke so ku riƙe shi ne, a wancan tsari ba a cewa mara lafiya kawo kuɗi tukuna. Ana yi masa aiki, biya ya biyo baya.

2. ZAMANIN NASARA

A shekarar 1905 Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar talakawan ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. Amma likitocinta kaɗan ne ƙwarai, suna zaune a manyan garuruwa, aikinsu na farko kuwa duba soja da ma'aikata. Abin da mutanen karkara suka fi sani shi ne masu lamba. Sai kumandan ya aiko wa sarki, sarki ya aiko wa mai gari, a tara jama'a gindin itace, a tsaga wa kowa dantse saboda agana. Tsofaffinmu da yawa suna ɗauke da tabon har yanzu. Da fari mutane sun riƙa ɓoye yara cikin rumbu da cikin daji, don abin da ya zo tare da dogari da bulala wuyar yarda gare shi.

Ba a karɓar kuɗi wurin lamba, ba a kuma karɓa a gidan likita na gwamnati. Daga nan ne maganar kyauta ta samo asali. To, amma wa ya biya? Wanda ya biya lanho kowace shekara, kansa da na matansa da na dabbobinsa. Wanda aka ɗauka aikin dole na hanya da gini, har zuwa 1946 da aka soke shi. Wanda ya noma gujiya aka saya a farashin da kamfani ya yanke. Watau talaka ya riga ya biya tun kafin ya yi ciwo, sai dai gidan likitan da ya biya yana can nesa da shi.

A wannan zamani ne kuma 'yan mishan na SIM suka shigo. Sun zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, kan hanyar Madawa zuwa Birnin Ƙonni, sa'an nan a cikin shekarun 1950 ɗin suka kafa wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. A Galmi ana biyan kuɗi, duk da haka mutane suka riƙa zuwa daga nesa, har daga Najeriya, domin sun ga ana fiɗa ana tashi. Tun ran nan aka samu asibiti iri biyu a ƙasarmu: na kyauta wanda sau da yawa babu kaya, da na kuɗi wanda ke da kaya.

3. SEKURIS DA UNGOZOMA

Da aka samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Jori Hamani ta gaji tsarin kyauta. A 1962 ta kafa hukumar ONPPC, wadda aka ba ikon shigo da magani da rarraba shi a ƙasa duka. Amma ƙasa mai faɗi, likitoci 'yan ƙalilan, mota babu, hanya babu. Sai aka yi wata dabara, kuma abin alfahari ne a gare mu cewa a jahar Maraɗi aka fi gwada ta, a cikin shekarun 1960.

Dabarar ita ce, gari ya taru ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu amana, a kai su gidan likita a koya musu aiki na 'yan kwanaki, su komo da akwati. Su ne sekuris. A cikin akwatin akwai nibakin na masassara, da asfirin, da jan magani na miki, da maganin ɗigawa a ido, da bandeji. Haka kuma aka riƙa kiran ungozomomin gari ana koya musu wanke hannu da yanke cibi da reza mai tsabta, da gane haihuwar da ta fi ƙarfinsu don su tura da wuri. Sekuris ba shi da albashi. Yana sayar da ƙwaya a kuɗi kaɗan, in akwati ya yi ƙasa ya tafi ya sayo wani da abin da ya tara.

Aikin nan ya yi suna har waje. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi a kan ƙasashen da jama'a ke kula da lafiyarsu da kansu, aka ba jahar Maraɗi babi guda a ciki, tare da manyan ƙasashe irin su Sin da Indiya. Bayan shekara uku, a 1978, aka yi babban taro a garin Alma-Ata na Tarayyar Sobiyat, inda duniya ta amince cewa a fara da lafiyar karkara, aka kuma yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000.

Me ya kashe akwatin sekuris? Dattawan da suka riƙe shi suna da amsa. Ɗan'uwa ya zo ɗansa na masassara ya ce ba shi da ko dala, ba ka iya hana shi. Surukinka ya zo, ba ka iya tambayarsa. Bashi ya taru, akwati ya bushe. Ga shi kuma mutum yana barin gonarsa don aikin da babu lada, in rani ya yi tilas ya tafi ci-rani kamar kowa. Gari ya zaɓe shi, amma gari bai ɗauki nauyinsa ba.

4. YADDA AKA FARA BIYA A BAKIN ƘOFA

Saini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ana cikin yunwa. Shekarun da suka biyo baya kuɗin uraniyom na Arlit ya shigo, aka gina gidajen likita da makarantu, aka buɗe makarantar koyon likita a jami'ar Yamai, har aka sauke wa talaka lanhon kai na gwamnati a ƙarshen shekarun 1970. Wannan shi ne zamanin da dattawanmu ke tunawa in sun ce ba a biyan ko dala, kuma ba su yi ƙarya ba.

Amma daɗin bai daɗe ba. Da shigowar shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa. A 1984 damana ta ƙi, aka yi yunwar da muke kira El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, wadda ba a buɗe ba sai 1986. Gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, su kuwa suka ce sai ta rage kashe kuɗi. Sunan kyauta yana nan, amma kantar magani ta zama fayau. Ka je gidan likita, manjo ya duba ka, ya rubuta maka takarda, ya ce tafi Maraɗi ka saya a farmasi. Kuɗin mota da kuɗin magani su ninka abin da da za ka biya in da an sayar maka nan take.

A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Shawararsu ita ce, tun da gwamnati ta kasa, a ba kowane gidan likita jarin magani mai araha, mara lafiya ya biya kaɗan, kuɗin ya zauna hannun kwamitin gari, a sake sayo magani da shi. In kun lura, akwatin sekuris ne aka mai da shi babba.

Kafin a shimfiɗa tsarin a ƙasa duka, sai aka yi gwaji a 1993, kuma wannan gwaji ne muke roƙon masu karatu su natsu su ji. An zaɓi gundumomi uku. A gundumar Sayi aka ce duk wanda ya zo ya biya nan take, babba dala 40, yaro ƙasa da shekara biyar dala 20. A gundumar Boboye aka ce kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, ko yana ciwo ko ba ya ciwo, sa'an nan ranar ciwo babba ya biya dala 10 kawai, yaro dala 5. Gundumar Ilela kuwa aka bar ta yadda take, don a samu abin gwadawa. Sayi da Boboye duka an ba su magani, an kuma horar da ma'aikatansu.

Da aka yi lissafi, sai aka ga a Boboye masu zuwa gidan likita sun ƙaru ƙwarai, har da matalauta da mata da yara, kuma kuɗin da aka tara ya fi na Sayi. A Sayi kuwa ba a ga irin wannan ƙaruwa ba. Dalili a fili yake. Mutumin Boboye ya biya da kaka, lokacin da yake da hatsi, kuma masu lafiya sun taya marasa lafiya. Mutumin Sayi kuwa ana tambayarsa kuɗi ranar da ciwo ya kama shi, ciwo kuma ya fi kamu a watan Agusta da Satumba, sa'ad da sauro ya yi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa.

Ana cikin haka, ran 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa. Tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma sefa 100. Maganin da ake sayowa daga Turai ya yi tsalle a dare ɗaya. A 1995 aka yi dokar da ta halatta karɓar kuɗin magani a gidajen likita na ƙasa duka. Amma a aikace, tsarin biyan nan take irin na Sayi shi ya bazu, domin ya fi sauƙin tarawa, kuma babu mai mulkin da ke son a ce ya ƙara haraji. Daga nan muka san tikiti da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Magani ya dawo kanta, wannan gaskiya ne. Amma wanda ba shi da kuɗin tikiti ya koma gida, ko ya jira sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

5. MASU GASA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da gidan likita na gwamnati ya zama na kuɗi, masu neman mara lafiya suka yi yawa, kowa yana jan shi wajensa.

Na farko, mai tallan ƙwaya. Yana yawo da tire ko keke ko babur, ranar kasuwa yana shimfiɗa, yana sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya daidai ƙarfin aljihunka, yana kuma ba da bashi. Kayansa yawanci ta iyaka suke shigowa. Ya fi kowa araha, ya fi kowa kusa, shi ya sa babu dokar da ta iya korarsa. Amma maganin ya sha rana, wani ya wuce lokacinsa, wani jabu ne. Kada a ce jabu zancen baki ne: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane a ƙasar nan allurar rigakafin da daga baya aka gano babu magani a cikinta.

Na biyu, asibitocin ƙetaren iyaka. Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar Jibiya da Katsina da Sakkwato da Kano. Masu ciwon ido suna zuwa asibitin ido na ECWA a Kano. Matan da haihuwa ta bari da yoyon fitsari sun samu waraka a Babbar Ruga ta Katsina, kafin a buɗe irin wannan wuri a Danja a 2012. Duk lokacin da naira ta faɗi, jinya a can takan yi wa mai sefa sauƙi. Amma hanyar nan ba ta hannunmu. An rufe ta a 1984, an rufe a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023.

Na uku, asibitocin kuɗi na 'yan kasuwa, waɗanda suka yawaita a Maraɗi. Akwai tsabta, akwai fara'a, babu dogon layi. Na huɗu, asibitocin mishan. Na biyar kuwa boka da malam, waɗanda ba su taɓa barin wurinsu ba.

Waɗansu 'yan boko suna cewa gasa alheri ce, tana sauke farashi tana gyara hali. A wani fanni haka ne. Ma'aikacin da ya san mara lafiya yana da wani wurin zuwa yakan rage tsawa. Amma kasuwar magani ba kamar kasuwar hatsi take ba. Mai sayen gero yana sa hannu cikin buhu, ya murza, ya taya, in bai yi masa ba ya wuce gaba. Mai sayen magani ba ya iya gane na kirki da na banza da ido, abin da aka ce masa shi zai bi. Sa'an nan gasar duka a kan ƙananan ciwo take, ciwon kai da tari da masassara. Ranar da mace ta kwana biyu tana naƙuda, ko yaro ya ɗashe yana bukatar ƙarin jini, ko maciji ya sari manomi, babu ciniki babu zaɓi. Wuri ɗaya ne, asibitin gunduma a Gidan Rumji ko babban asibiti a Maraɗi, kuma abin tambaya shi ne ko za a isa da rai. Mai asibitin kuɗi yana zaɓar wanda zai iya biya da ciwon da zai iya warkarwa, mai wuyar ya turo wa gwamnati. Don haka gasa ta amfani mai kuɗi da mazaunin birni fiye da mu.

6. KYAUTA TA DAWO

A zamanin Tanja Mamadu, daga 2001, an yi amfani da kuɗin yafe bashi aka gina ƙananan gidajen likita kusan 2,000 a ƙauyuka. Sai ga yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jaharmu. Duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara, kyauta, da abincin nan na gujiya da madara cikin 'yar leda. Abin da kowa ya gani shi ne, uwayen da ake cewa jahilci ke hana su kai yara likita, da aka ce babu biya sai ga su sun cika wuri tun asuba. Ashe kuɗi ne ke hana su.

A ƙarshen 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 ta ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa. A lokacin ne kuma aka raba gidan sauro fiye da miliyan 2, aka kuma sauya nibakin, wanda ya daina cin masassara, da sabon magani. A 2013 gundumar Gidan Rumji tana cikin wuraren farko da aka fara ba yara maganin rigakafin masassara wata-wata da damana.

Amfanin ya fito. Binciken ƙasa na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, fiye da 300 ba su kai shekara biyar. Binciken 2012 ya nuna adadin ya sauko zuwa 127. Duk wanda ya haura shekara hamsin a garinmu ya san wannan ba sai an karanta masa ba, in ya tuna yawan ƙananan kaburbura na da.

To, ina matsalar take? Ga yadda tsarin yake. Gidan likita ya yi wa yaro magani bai karɓi kome ba, ya cika takarda, ta tafi gunduma, ta tafi jaha, ta tafi Yamai, sa'an nan baitulmali ya biya. Biyan nan ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci shekaru, har bashin da gidajen likita ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi wannan al'amari sun rubuta shi filla-filla. Gidan likitan da ba a biya ba, da me zai sayo magani? Sai da kuɗin tikitin manya, wanda ba ya isa. Sai mu koma gidan jiya: dubawa kyauta, ga takarda, je ka saya. Wannan ita ce amsar ɗan ci-ranin da ke tambaya ina kuɗinsa ke tafiya. Yawanci ba wani ne ya ci ba, kanta ce babu kome.

Taimakon baƙi kuma ba abin jingina ba ne. A Yuli 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, daga baya ya tattara kayansa. Ko babu saɓani, kowace ƙungiya tana da ranar tafiya.

7. SHEKARUN NAN NA KUSA

Daga 2019 dubban 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara suka gudo daga 'yan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Gidan Sori da Tsibiri. Mun raba hatsi da su, mun raba rijiya, mun kuma raba gidan likita. Rashin tsaro ya ƙara wa tafiyar dare tsada da haɗari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, kaya suka tsaya a iyaka, har da magani, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage.

A watan Agusta 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta ba da sanarwar rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba, ta mai da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu. Jama'a sun yi murna, kuma abin murna ne. Abin da tarihi ya koya mana kawai shi ne mu riƙa tambaya: rabin da aka sauke wa mara lafiya, wa zai biya wa asibiti, kuma yaushe? In an biya da wuri, talaka ya huta. In an makara, takardar farmasi tana nan tana jiranmu.

8. ABIN DA MUKA TSINTA

'Yan'uwa, mun bi zamani shida ko bakwai, kuma ba mu ga wanda magani ya zo banza ba. An biya da kaza, an biya da lanho, an biya da uraniyom, an biya da tikiti, an biya da kuɗin baƙi. Abin da ke sauyawa shi ne wanda ke biya da ranar biya. Duk lokacin da aka biya tare, tun kafin ciwo, yara sun rayu. Duk lokacin da aka bar mara lafiya shi kaɗai a bakin ƙofa, an sayar da akuya a rabin kuɗinta, an jinginar da gona, an ci bashin da ake biya da hatsi ninki biyu, wani lokaci kuma bayan duk wannan a komo da gawa.

Akwai kuma kuɗin da babu gwamnatin da ta taɓa ɗauke mana: kuɗin amalanke da kabu-kabu da man mota, da abincin mai jinya, da kwanakin noma da suka salwanta. Sau da yawa wannan ya fi kuɗin maganin kansa, kuma neman sa ne ke cinye awoyin da rai ke bukata. A waɗansu gundumomin ƙasar nan an gwada ƙara dala 20 a kan kowane tikiti, a ajiye domin man motar ɗaukar marasa lafiya, don kada a tsaya neman kuɗi da dare.

Saboda haka muna kawo wa taron ƙungiya mai zuwa shawara guda uku, dattawa su duba.

Ta ɗaya, mu kafa asusun ciwo irin na Boboye. Na gida su zuba da kaka, hatsi ko wake ko kuɗi. Na waje su zuba wata-wata, ko kaɗan ne, maimakon jiran wayar tsakar dare. A fara da abu ɗaya tak, watau kai mai naƙuda da yaro mai tsananin ciwo asibiti, kada mu ɗauki abin da ya fi ƙarfinmu.

Ta biyu, mu tuna da abin da ya kashe akwatin sekuris. Kuɗi kada su zauna hannun mutum ɗaya. A rubuta shiga da fita, a karanta a bainar jama'a, a sa mata cikin masu riƙo, gama su ke kwana da mara lafiya. Wanda aka ɗora wa aikin kuma a san abin da za a ba shi.

Ta uku, mu sa mutanenmu masu karatu cikin kwamitin gidan likita, su san abin da doka ta ce kyauta ne da abin da ake biya, su nemi a manna farashi a bango, a kuma ba da rasit. Wannan kariya ce ga mara lafiya, kariya ce kuma ga ma'aikaci mai gaskiya, wanda ake zargi a kan laifin da ba nasa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka riƙe akwatin sekuris da iyayenmu ungozomomi, muna roƙo su aiko mana, mu buga a fitowa ta gaba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damana mai albarka, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalam.